KARE NA BIN KA BASHI

Ya kai mai karatu, ga tambaya. Akwai kare a gidanka? In akwai, yaushe rabonka da ka kira shi, ka ɗaga kunnensa, ka duba abin da ke ciki? Wata guda? Shekara guda? Ko tun da ka ɗauko shi yana ɗan kwikwiyo ba ka taɓa yi ba?

Wataƙila ka yi dariya. Ka ce, "Duk maganganun duniya sun ƙare, sai ta kare?" Yi haƙuri ka bi mu har ƙarshe. Maganar ta kare ce, amma ta shafi halinka, ta kuma shafi ran 'ya'yanka.

Ga abin da muke so mu auna tare. Dabbar da ke yi wa mutum aiki dare da rana, tana da hakki a kansa, ko ba ta da shi? In tana da shi, hakkin nan ya tsaya ga ɗan ƙanzon da ake jefa mata, ko ya kai har ga tsabtar jikinta da lafiyarta?

AIKIN DA YAKE YI MAKA

Bari mu fara da lissafi, kamar yadda ake yi da ɗan ƙwadago.

Ka zaga ƙauyukan ƙasar Tasawa da ta Mayahi, daga Korgom da Hawan Dawaki zuwa Urafan, daga Kanembakashe zuwa Gidan Amumun. Da wuya ka ratsa gari da dare ba ka ji haushin kare ba. Wanda ya yi gida a bakin gona, nesa da jama'a, kare ne ƙofarsa. Kai kana barci, shi yana zagaya turken awaki. In dila ya zo neman kaji ko ɗan akuya, shi ne ke korarsa. In ɓarawo ya doshi rumbu, ko ya zo kwance saniya, muryarsa ce ke tashe ka.

Makiyaya masu bin Gulbin Kaba da garkensu, Fulani da Abzinawa, sun san darajarsa. Mafarauta kuwa ba a magana. Da rani, in an gama aikin gona an shiga daji, wa ke tayar da zomo? Wa ke bin sa har ya kama? Shi ya sa Hausawa suka ce karen bana shi ke maganin zomon bana.

To, da mutum ka ɗauka ya yi maka gadi, nawa za ka ba shi a wata? Kuma zai nemi hutu. Ran salla zai tafi gida. In ka zage shi zai yi fushi ya bar maka aikinka. Kare ba ya karɓar ko dala. Ba ya hutun salla. Ka jefe shi da safe, da dare yana bakin ƙofarka. Tun da ba ya karɓar kuɗi, da me ake biyansa? Ba a iya biyansa sai da kulawa. Wanda ya ci aikin kare bai kula da shi ba, ya ci bashi.

DOKI, RAGO DA KARE

Ba wanda zai ce mu ba mu iya gyaran dabba ba. Dubi dokin sarki ko na mai gari. Ana yi masa wanka, ana goge shi, ana taje masa geza, ana gyara masa kofato, ana ba shi kanwa. Dubi ragon Layya. Wata da watanni yana turke, ana ba shi dusa da harawa. Ran da za a kai shi kasuwa, yara su wanke shi da sabulu har ya yi fari fat. Ke ma uwargida, in jar akuyarki ta ƙi cin abinci, ba ki barci sai kin nemo mata magani.

Yanzu juyo ka dubi kare. Kunnuwa cike da kaska. Bakin kunnen ya zama gyambo, ƙuda na bi. Haƙarƙari a waje, ana iya ƙirgawa. Gashi ya zube, ƙazuwa ta cinye baya. Yana tafiya yana ɗingishi, don ƙarangiya ta shige tsakanin yatsunsa, ba mai cire masa.

Mene ne ya raba su? Doki na jawo wa mai shi girma. Rago na kawo kuɗi. Kare kuwa ba a kai shi kasuwar Tasawa a sayar, ba a hawansa ran salla, ba mai yaba maka in ya yi ƙiba. Ashe ke nan wankan da muke yi wa rago ba don rago ba ne, don aljihunmu ne. Ba laifi ba ne mutum ya nemi riba. Amma in kana so ka san ko mutum na da tausayi na gaske, kada ka dubi dokinsa. Dubi karensa. Nan ne ba riba, ba yabo, ba mai tilasta masa.

TO, BA NAJASA BA NE?

Wani zai ce, "Ai kare najasa ne. Yaya zan taɓa shi in zo in yi salla?" Wannan magana ce mai nauyi, ba a tsallake ta.

Mafi yawan mutanen ƙasarmu mazhabar Imamu Malik suke bi. A cikinta, duk abin da ke da rai mai tsarki ne, har da kare, har da yawunsa. Gaskiya ne akwai hadisin da ya yi umarni a wanke ƙwarya sau bakwai in kare ya sa baki ya sha a cikinta. Malaman Malikiyya sun ce ana yin haka ne don bin umarni, ba don karen najasa ne ba. Malaman Shafi'iyya kuwa sun ce najasa ne. Ka ga akwai saɓani. Kana iya tambayar malamin garinku ya ƙara maka bayani.

Amma mu ɗauka najasa ne. Maganin najasa ai ruwa ne. Uwa na wanke kashin jaririnta, ta wanke hannu, ta yi salla. Mahauci na wuni cikin jini, ya wanke, ya shiga masallaci. Ba mu taɓa jin an ce najasa dalilin mugunta ce ba.

A cikin Suratul Ma'ida, aya ta 4, an halatta cin abin da dabbar farauta da aka horar ta kamo. A cikin Suratul Kahfi an ambaci karen samarin nan da suka fake a kogo, yana kwance a bakin ƙofa. Kuma Buhari da Muslim sun kawo labarin wani matafiyi da ƙishirwa ta kama. Ya sami rijiya, ya sauka ya sha. Da ya fito sai ya ga kare yana haki, yana lasar danshin ƙasa. Ya tuna irin abin da shi kansa ya ji yanzu-yanzu. Ya koma cikin rijiyar, ya cika huffinsa da ruwa, ya riƙe da baki, ya hauro, ya ba karen. Saboda wannan Allah ya gafarta masa. Lura, karen ma ba nasa ba ne. Bai taɓa yi masa gadi ba. To, ina ga naka?

Gaskiya ne kuma hadisi ya ja kunne a kan ajiye kare ba da bukata ba. An ba da dama don farauta, da tsaron dabbobi, da tsaron gona. An ruwaito cewa Ibnu Abi Zaid na Ƙairawan, mai littafin Risala da ake karantawa a zaurukan malamai, wanda ya rasu a shekarar 996, katangar gidansa ta taɓa faɗuwa. Sai ya ajiye kare don tsaro. Da aka tuna masa Malik bai so ajiye kare a gida ba, sai ya amsa cewa da Malik ya riski zamaninsu, da zaki ma zai ajiye.

Saboda haka ba a ce ka kwana ɗaki ɗaya da kare ba. Ba a ce ka ci a akushi ɗaya da shi ba. Wurinsa daban, kaskonsa daban. Abin da ake cewa shi ne, in bukata ta sa ka ajiye shi, to ya zama amana a hannunka. Labarin matar nan da ta kulle kyanwa, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba har ta mutu, kowa ya san inda aka ce ta ƙare.

MASU SANA'AR GYARAN KARE

A ƙasashen Turai da Amurka, gyaran kare sana'a ce kamar wanzanci. Akwai shaguna na musamman. Mutum ya kai karensa, a yi masa wanka, a busar da shi, a rage masa gashi, a yanke masa farce, a goge masa kunne, mai shi ya biya. Akwai makarantun da ake koyon aikin. Tun fiye da shekara 100 da suka wuce, masu askin karnuka na zama a bakin kogin Sen a birnin Faris suna jiran ciniki. A Ingila akwai gasar kyawun karnuka mai suna Crufts, wadda aka fara a 1891, ana tara dubban karnuka kowace shekara.

Me ya sa suke haka? Dalili ɗaya shi ne irin karnukansu. Waɗansu gashinsu dogo ne, ba ya daina tsiro. In ba a aske shi ba sai ya cukurkuɗe, fata ta ruɓe a ƙarƙashi. Wani dalilin kuma doka ce. A Ingila, dokar 2006 ta ɗora wa mai dabba ya ba ta abinci, da wurin kwana, ya kuma kare ta daga ciwo da wahala. Wanda ya ƙi, alƙali na iya hana shi sake kiwon dabba.

Akwai kuma wuce gona da iri. Wani ya rina gashin karensa, ya ɗinka masa riga, ya fesa masa turare. Wannan ba don kare ake yi ba. Kare bai san ado ba, turare ma damun hancinsa yake yi. Don idon mutane ake yi, kamar dai kwalliyar doki ran hawan salla. Ba wannan muke kira a kwaikwaya ba.

Kada kuma ka ce kula da kare al'adar Turawa ce. Mu ma muna da gwanayenmu. Mafarauci na gaske ba ya barin karensa da ƙaya. In sun dawo daga daji, kafin ya huta sai ya duba ƙafafun karnukansa, ya ba su ruwa, ya ba su rabonsu daga abin da aka kamo. Ya san kare mai ciwon ƙafa ba ya kamo zomo. A ƙasar Azawak, arewa da Tawa, Abzinawa na da wani siririn kare mai dogayen ƙafafu, mai gudun tsiya. Sun riƙe shi da daraja tun kaka da kakanni. A cikin shekarun 1970 aka fara kai irinsa Turai. A 2019 babbar ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka ta shigar da shi cikin jerin karnukan da ta yarda da su, da sunan nan nasa na Azawak. Ka ga karen ƙasarmu ya yi suna a duniya.

Ma'aikacin da ya fi kusa da kai kuwa shi ne malamin dabbobi, wanda ke yi wa shanu da tumaki allura. Iliminsa bai tsaya ga masu ƙaho ba. Ya san maganin kaska, da na tsutsar ciki, da allurar haukan kare. Jama'a ne ba su saba kai masa kare ba.

"MU DA BA MU ƘOSHI BA?"

Ga wata magana mai ƙarfi. Wani magidanci zai ce, "Hatsina ba ya kai ni damina. Matata na jan ruwa a rijiya mai gaba da yawa. Sabulun wankin yara ma da ƙyar. Sannan a ce in wanke kare?"

Yana da gaskiya ta wani gefe. Mutum na gaba da dabba. Wanda ya hana ɗansa ya ba karensa, ya yi zalunci. In abinci bai isa ba, yara ake fara ba.

Amma mu duba, mene ne karen ƙasarmu ke bukata? Allah ya yi shi da gajeren gashi. Ba ya bukatar wanzami, ba ya bukatar almakashi. Cire kaska ba ya cin ko dala. Cire ƙarangiya ba ya cin ko dala. Inuwar bedi ko ta ɗan rumfar kara kyauta ce. Share makwancinsa tsintsiya kawai yake so. Ruwan shansa na wuni bai kai na akuya mai shayarwa ba. Abin da ya rage mai cin kuɗi shi ne allura sau ɗaya a shekara da ɗan maganin tsutsa.

Ashe mafi yawan abin da muke hana kare ba talauci ne ya hana ba. Raini ne. Mun taso mun ga ana zagi da sunansa, ana jifarsa, muka ɗauka haka Allah ya yi shi. Talaka ya fi kowa sanin zafin a ci aikinka a hana ka hakkinka. Bai kamata shi kuma ya juya ya yi wa wanda ke ƙasa da shi haka ba.

Akwai masu cewa in kare ya ƙoshi ba ya gadi, sai an bar shi da yunwa yake zafi. Ka lura da kyau. Kare mai yunwa ba ya zama gida. Yana can juji, ko mahauta, ko yana satar ƙwai a gidan maƙwabci. Ɓarawo kuma da ɗan guntun nama yake saye shi. Wanda ake ciyarwa a gida shi ke tsare gida.

CUTAR KARE BA TA TSAYAWA GA KARE

Ko da mutum bai da tausayi, akwai abin da ya kamata ya tsorata. Wa ke wasa da kare a gida? Yara. Abin da ke jikinsa, su zai fara samu.

Babbar cuta ita ce haukan kare. Tana cikin yawun dabbar da ta kamu, tana shiga jikin mutum ta wurin cizo ko yakushi. Ba ta nuna kanta nan da nan. Sau da yawa sai bayan wata biyu ko uku, ciwon ya warke, an ma manta. Daga nan sai zazzaɓi, sai firgita, sai mutum ya kasa haɗiye ruwa. In ta kai nan, kusan ba mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya. Cikin kowane mutum goma da aka ciza, wajen huɗu yara ne da ba su kai shekara 15 ba.

Abin takaici, rigakafinta ya daɗe da samuwa. A watan Yuli na 1885, a ƙasar Faransa, wani masani mai suna Luwi Fasto ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 allura bayan mahaukacin kare ya cije shi, yaron ya rayu. Masana sun gano in aka yi wa karnuka 7 cikin kowane 10 na gari allura, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa. Shi ya sa aka ware ranar 28 ga Satumba don tunatar da duniya wannan cuta. Ka ga allurar da ka yi wa karenka, garkuwa ce ga ɗanka da ɗan maƙwabcinka.

Akwai kuma wata ƙaramar tsutsa da ke zama a hanjin kare. In an yanka tunkiya ko saniya, wani lokaci akan ga ƙulli mai ruwa a huhu ko a hanta. Sai a yanke wurin a jefa wa kare. Nan ne tsutsar ke shiga cikinsa. Ƙwanta ya fito cikin kashinsa, ya manne a gashinsa da ciyawa. Yaro ya shafa kare, ya ci tuwo bai wanke hannu ba. Bayan shekaru irin ƙullin nan ya fito masa a hanta ko a huhu, wani lokaci sai an yi masa aiki a babban asibiti. Irin wannan nama ƙona shi ake yi, ko a binne da zurfi.

Dattawa sun san kurkunu, da yadda take kwantar da manomi a tsakiyar damina. A 2013 aka ba Nijar shaidar ta rabu da ita. Amma a Cadi, tun 2012 aka fara ganinta a jikin karnukan bakin kogin Shari. A 2019 an ƙirga kusan karnuka 2,000 masu ɗauke da ita. Dole ma'aikatan lafiyar mutane suka koma bin karnuka gida-gida. Sun gane ba a raba lafiyar gari da lafiyar karnukansa.

YADDA ZA KA YI A GIDA

Aikin ba wuya, in an san hanya.

Ka fara tun yana ƙarami. Ɗan kwikwiyon da ya saba da hannu ba ya gardama in ya girma. Babban kare da bai saba ba, a hankali ake bi da shi. In za ka taɓa masa wurin ciwo, ka ɗaure masa baki da tsumma mai laushi na ɗan lokaci. Kada ka bar wa ƙananan yara wannan aiki.

Sau ɗaya a mako, ka duba shi. Da damina, lokacin da kaska ke yawa, ka ƙara. Dubi cikin kunne, da wuya, da hammata, da tsakanin yatsu. Kama kaska da hantsaki daf da fata, ka ja a hankali, a miƙe, don kada kanta ya karye a ciki. Kada ka murje ta da yatsa. Jefa ta a wuta. Kaska ɗaya na yin ƙwai dubbai a tsagar bango da ƙarƙashin shara, don haka ka share makwancinsa, ka ƙona sharar.

Ka cire ƙarangiya da tsidau daga ƙafafunsa. Ka goge jikinsa da busasshen tsumma ko buroshi, ƙura da mataccen gashi su fita. In ka ga ƙurji mai ɗan rami a jikin kwikwiyo, akwai tsutsar ƙuda a ciki. Toshe ramin da ɗan man shafawa, jim kaɗan ka matsa a hankali ta fito, ka wanke wurin.

Wanka sau ɗaya a wata ya isa, ko in ya yi birgima a ƙazanta. Rabin bokiti ya wadatar. Ka yi da hantsi, in rana ta ɗaga. Da sanyin hunturu kada ka yi da sassafe. Sabulun wanka ko na salo ya isa, ka ɗauraye sosai, kada ruwa ya shiga kunne ko ido. Sosonsa da kaskonsa su zama nasa shi kaɗai. In ka gama, ka wanke hannunka da sabulu.

Ga abin da ba a yi. Kada ka shafa masa baƙin mai ko kananzir don kashe ƙuma. Kada ka zuba masa maganin ƙwarin wake ko na feshin gona. Yana shiga ta fata, kare kuma na lasar jikinsa, yara na taɓa shi. An yi don a kashe kaska, a ƙare da kashe kare. Kada kuma ka ba shi ƙwayar maganin mutane sai ka tambaya. In ƙazuwa ce, ko gyambon kunne da ya ƙi warkewa, ka nemi malamin dabbobi. Waɗansu na yanke kunnen kare don gudun ƙuda. Wanke ciwon da sa magani ya fi, don kunne ne ke tsare ramin ji daga ƙura da rairayi.

Kare ba ya zufa kamar mutum. Da haki yake rage zafi. Da bazara, in rana ta ƙwalle, wanda aka ɗaure ba inuwa ba ruwa yana iya mutuwa kafin la'asar. Kaskon ruwansa kada ya bushe.

In ya kai wata uku, ka kai shi a yi masa allurar hauka, ka riƙa sabuntawa yadda malamin ya ce. Ka adana takardar.

In ka ga halinsa ya canza, yana dalala, yana cizon itace da duwatsu, muryarsa ta sauya, ko bakinsa ya saki, kada ka sa hannu ka ce ƙashi ne ya maƙale. Ka kawar da yara, ka sanar da mai gari da malamin dabbobi.

In kuwa kare ya ciji wani, a wanke wurin nan take da ruwa da sabulu har minti 15. A duba agogo ko salula, don ya fi tsawon yadda ake zato. Kada a sa barkono ko toka. Daga nan a tafi likita a ranar, ko da ciwon ƙarami ne. In karen na gida ne, a tsare shi a lura da shi kwana 10, amma kada a jira kwanakin su cika kafin a je likita.

YARA NA KALLO

Akwai wata riba da ba a gani da ido. Yaro ba ya koyon hali daga abin da aka gaya masa kamar yadda yake koya daga abin da ya gani. In ya ga ubansa na shurin kare ba dalili, gobe shi ma zai tara abokai su bi na maƙwabta da jifa. Karen da aka saba jifa shi ne ke zama mai cizo. Kuma hannun da ya saba dukan marar baki ba ya tsayawa nan. In kuwa ya ga ubansa ya durƙusa yana cire wa kare ƙaya, ya koyi cewa mai ƙarfi shi ke ɗaukar nauyin marar ƙarfi. Ran da uban ya tsufa, wannan darasi zai yi masa rana.

Ba dole ba ne kowa ya ajiye kare. In ba ka da bukatarsa, ko ka san ba za ka iya ba, kada ka ɗauko. In kana da shi ka gaza, ka ba mafarauci ko makiyayin da zai riƙe shi. Wannan ya fi ka sake shi ya zama na juji. Amma in ka ce naka ne, yana kwana a ƙofarka, kana barci da ƙarfin haushinsa, to ka san akwai bashi a kanka. Ba zai kai ka ƙara wurin mai gari ba. Ba shi da bakin da zai yi. Wannan ne ma ya sa bashin ya fi nauyi.

Allurar kare ɗaya ba ta tsare gari. In kun zauna a dandali, ku ƙirga karnukan garinku, ku san masu su. Ku roƙi mai gari ya yi magana da ma'aikatan kiwo na Tasawa ko na Mayahi, a sa rana, a yi wa karnuka allura gaba ɗaya kamar yadda ake yi wa shanu. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba mu ikon sauke amanar da muka ɗauka, babba da ƙarama.